Wanda Ya Ci Shi Ke Biya

Ni fa ban taɓa cewa ni waliyyi ba ne. Ina da baki, ina da zuciya, kowa a Jibiya ya sani. Amma ɗan caca? Wallahi ranar da aka liƙa mini wannan suna sai da na ji kunnuwana sun yi zafi.

Sunana Ɗantala. A shekarar da aka yi husufin rana ina da rumfar gem a bakin hanyar Magama, dab da shingen da manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka Ɗan Issa ta Nijar. Rumfar kwano ce, da talabijin biyu, da na'urar wasa ɗaya mai lafiya da ɗaya wadda sai an mare ta take tashi, da wani ƙaramin janareta mai shan mai kamar ba gobe. In takardun direbobi suka maƙale a shinge wuni suke yi, sai su taho wurina su buga ƙwallo a talabijin. Ba ni da gona, ba ni da babur. Rumfar nan ita ce abincina.

Rabin rumfar na Ezekiel ne, mutumin garin Kusa, mai gyaran rediyo. Shi rediyonsa ba ya mutuwa, kuma duk labarin kimiyya da aka karanta sai an yi masa shari'a a kan bencina. Babban alƙalin kuwa Isufu ne, direban tirela daga Maraɗi, mutumin da bai yarda da komai ba sai abin da ya taɓa da hannunsa. An ce Turawa sun je wata, Isufu ya ce a bayan gari suka ɗauki hoton. An ce za a yi husufi ran kaza da ƙarfe kaza, ya ce in rana ta bi umarnin Bature shi zai ci hularsa. Rana ta yi duhu a daidai lokacin, kaji suka shige akurki, muka miƙa masa hular. Ya ce dace ne kawai.

Wata safiya rediyo ya ce wani kamfani a ƙasar waje ya maka wani a kotu, wai ya kwaikwayi yadda hannun gem, abin da ake riƙewa ana dannawa, ke girgiza in an yi karo.

"Girgiza?" in ji Isufu. "To ni kamiyona, tirelar nan tawa, shekara nawa tana girgiza, wa ya biya ni?"

Ezekiel ya ce, "Ba haka ba ne. In ka ƙirƙiro abu sai ka yi masa rajista, ba mai taɓawa sai da izininka. Fatent suke ce masa."

"Fatanti? Haba Zakiyal, wanga ai mu munka san shi! Harajin kasuwa ne, duk shekara muna biya a Maraɗi. Ashe Bature ma bai tsira ba."

Ezekiel ya yi bayani har ya gaji. Isufu dai ya tsaya a kan cewa kamfanin nan haraji ya ƙi biya, shi ya sa anka kama shi. Muna cikin wannan dariya ne inuwa ta rufe ƙofar rumfa.

Kawu Maiwada ne, da mutum biyu a bayansa. Tun da shari'a ta kankama, dattawan unguwarmu suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, shi suka ɗora a kai. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan rasuwar babana. Har gemu ya fito mini, kullum da azahar matarsa Inna Salmatu sai ta aiko mini da kwanon tuwo rumfa. Ko ranar da muka yi faɗa da Kawu, kwanon nan bai taɓa fashi ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da kyau ba.

"Ɗantala, wa ke biyan kuɗin wasan nan in an gama?"

"Wanda aka ci, Kawu. Haka ake yi ko'ina."

Ya juya ya dubi mutanensa. "Kun ji da bakinsa. Mutum biyu su zauna, ɗaya ya tashi aljihunsa ya ragu, ɗaya ya tashi bai yi asarar komai ba, kuma wasa ne ya raba su. Mene ne sunan wannan in ba caca ba?"

"Kawu, kuɗin wuta ne da mai! Wanda ya ci ko sisi ba ya ɗauka."

"Ya ɗauka mana. Ya yi wasa a kan aljihun ɗan'uwansa. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci za mu dawo. Ko mu tarar ka kwashe kayan nan da kanka, ko mu kwashe maka."

Suka tafi. Ni kuwa haushi ya cika ni. Ga masu sayar da man sata a jarka, ga masu tsallaka buhuna ta bayan gari, duk kwamiti bai gan su ba, sai ni da 'yan wasana na cikin gilashi.

Da azahar kwano ya zo kamar kullum, tuwon dawa miyar kuka. Na kasa ci.

Ezekiel ya ce, "Ka ce kowa ya biya rabi, magana ta ƙare."

"A'a. In na yi haka na amsa ke nan da can caca nake yi. Gobe sai su ce ɗan caca ya tuba. Ni ban yi ba, ba zan tuba daga abin da ban yi ba."

"To me za ka yi?"

Ban sani ba a lokacin. Sai washegari, ina kallon wasu 'yan acaba biyu suna buga wasa, ɗaya ya jefa ƙwallo a raga ya miƙe yana ihu har ya buge kansa da kwanon rufi, jini na zuba yana dariya. Na ce a raina, wannan don naira ashirin yake wannan haukan? Ina! Na tashi na samo gawayi, na rubuta a jikin kwanon rumfa da manyan baƙaƙe: WANDA YA CI SHI KE BIYA.

Ezekiel ya karanta ya riƙe baki. "Ka haukace. Kowa zai riƙa zuba ƙwallo a ragarsa."

"Ba ka san mutanen bakin iyaka ba ke nan."

Ran Juma'a suka dawo, wannan karon da jama'a, don labari ya riga ya zaga tasha. Kawu ya tsaya ya karanta rubutun, ya dube ni.

"Wasa kake da ni?"

"Allah ya kiyaye, Kawu. Kai ka ce mutane na wasan nan don su tsira da aljihunsu. To ga shi na juya. Yanzu duk mai son kuɗinsa sai ya bari a ci shi. Ka zaɓi mutum biyu da kanka su buga. In ka ga wani ya sakar wa wani, wallahi da hannuna zan ɗora talabijin ɗin nan a baro. In kuwa suka yi kokawar ci, alhali ci ɗin ne ke jawo musu biya, to ba kuɗi suke nema ba, kuma ba caca ba ce."

Jama'a suka ɗau guna-guni. Kawu ba wawa ba ne. Ya bi fuskoki da kallo a hankali, sai idonsa ya sauka a kan Isufu, har da ɗan murmushi.

Duk wanda ya taɓa zama a tashar nan ya san Isufu. Mutumin da ke tafe da ganyen shayinsa a aljihu ya roƙi ruwan zafi wurin mai shayi. Mutumin da tunda nake bai taɓa biyan wasa ba, don ba a taɓa cin sa ba, kuma kullum cewa yake abin da ya sa yake son gem ke nan, kyauta yake yi. Kawu ya haɗa shi da Haladu, ɗan acaban nan da ya fasa kai, har yanzu da filasta a goshi.

Isufu ya zauna ya ɗauki hannun wasa, ya dube ni a kaikaice. "Ɗantala, in na ci da gaske zan biya?"

"Da gaske."

"Kai, wagga doka ta zalunci ce."

Aka fara. Ni dai addu'a nake a ciki. Isufu ya riƙa wasa sanyi-sanyi, ƙwallo ta zo ƙafar ɗan wasansa ya bar ta ta wuce. Haladu ya kutsa ya jefa ɗaya. Kawu ya gyara tsayuwa. Na ji wani a baya ya ce a kawo baro. Ezekiel ya sunkuyar da kai yana murza wata waya da ba ta buƙatar murzawa.

Sai Allah ya buɗe bakin Haladu.

"Yau Nijar ta shiga hannu!" ya ce. "Dama ƙwallo ba taku ba ce, ku tsaya a jan raƙumi."

Isufu ya ajiye hannun wasa a cinya. Ya cire hula ya miƙa wa Ezekiel. Ya naɗe hannun riga.

"Maimaita."

"Na ce ku tsaya a jan raƙumi!"

Jama'a, ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. Isufu ya manne da talabijin kamar zai shiga ciki, yana zagin 'yan wasansa da Faransanci, yana yi wa alƙalin wasa Allah ya isa. Ya farke kafin hutun rabin lokaci. Haladu ya ƙara, Isufu ya sake farkewa. Rumfa ta cika har waje, masu jarka sun bar jarkokinsu, har ɗaya daga cikin 'yan kwamiti na ji ya ce "Buga mana!" sannan ya yi saurin kama bakinsa. Ana dab da tashi Isufu ya yanke mutum biyu ya narka ƙwallo a kusurwar raga. Ya yi tsalle ya hau benci.

"Maraɗi! Maraɗi! Ina mai raƙumin?"

Ya zura hannu can cikin aljihun da ba a taɓa ganin ƙasansa ba, ya zaro kuɗi ya buga a kan tebur da ƙarfi har rediyon Ezekiel ya faɗi. "Ga shi! Na ci, na biya! Kowa ya shaida!" Sannan ya juyo gare ni yana haki. "Ɗantala, maza ka je ka biya wa dokar ga fatanti kafin 'yan Katsina su sace ta."

Rumfa ta kece da dariya. Kawu bai yi ba. Ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ba caca ba ce," ya ce. "Na gani da idona. Kwamiti ba shi da magana a kan wannan."

Aka yi ta sowa. Ni kam har ƙwalla ta taru mini. Sai Kawu ya yafito ni, muka koma bayan rumfa inda janareta ke ƙara, ba mai jin mu.

"Ka kayar da ni a gaban jama'a," ya ce. "Ba komai. Yanzu ba shugaban kwamiti ke magana ba, ni ne, wanda ya goya ka. Ina shiga gidajen mutane ina cewa su gyara, suna ce mini in fara da ɗana mai tara ƙarti suna ihu a kan hotuna. Na gaji da jin wannan. Ka rufe. Zan nema maka wuri wajen masu hatsi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muryarsa a ƙasa take, irin wadda yake lallashina da ita in zazzaɓi ya kama ni ina yaro. Ina son mutumin nan, Allah ya sani. Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba.

"Kawu, da ka zo mini da wannan tun farko, ni da kai, wataƙila da na ji. Amma ɗan caca ka fara kira na, a gaban mutane. In na rufe yau, sunan ya zauna."

"Amsarka ke nan?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ba zan rufe ba."

Ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa, ya bi ta bayan motoci ya tafi, bai koma ta cikin jama'a ba.

Washegari na buɗe rumfa tun da hantsi. Ban taɓa ciniki irin na ranar ba. Direbobi har layi suke, kowa na son a gan shi yana biya, wanda aka ci kuwa sai ya fita a sunkuye da kuɗinsa a aljihu kamar ɓarawo. Rediyo ya kawo labarin wata waya mai ɗaukar hoto, Isufu ya ce ƙarya ce, madubi ne a ciki.

Aka kira azahar. Na kashe janareta, muka je muka yi salla, na dawo na zauna a bakin ƙofa inda nake hango kwanar gidanmu. Masu talla suka wuce. Inuwar rumfa ta matsa har ta taɓa titi. Aka kira la'asar, kwanon tuwon Inna Salmatu bai zo ba.

Ezekiel ya buɗe ƙullin ɗanwakensa ya turo mini rabi. Na ce masa na ƙoshi. Na ɗaga kai don kada ya ga idona, sai na yi arba da rubutun gawayin nan a jikin kwanon rumfa, da hannuna na rubuta shi, baƙaƙen manya-manya.

Na ja ɗanwaken gabana, na ce wa Haladu ya tayar da janareta.