Hancin Baba Bakri

Sagiru ya tura ƙofar da gwiwar hannu, don kwanon miyar da matarsa ta ba shi ya kawo ya cika masa hannu biyu. Ya fara sallama, bai ƙarasa ta ba. Baba Bakri, maƙwabcinsa da ya yi kwana tara bai iya tashi zaune ba, yana jingine da matasai uku, ya ɗaga kofin gilashi saitin taga. Abin da ke ciki ja ne, ya fi shayi duhu, bai kai zoɓo ba, ga kumfa kaurin yatsa a samansa. A bakin gadon wani ƙaton Bamisire ne mai sanƙo, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa, ya matse wata kwalba marar takarda tsakanin gwiwoyi.

"Shigo, Ustaz," in ji tsohon. "Wannan Milad ne. Tare muka yi aiki."

Shekara uku ke nan Sagiru, ɗalibin shari'a daga Gusau, yana zaune ƙofa da ƙofa da Baba Bakri a hawa na huɗu na wani gida a Ainu Shams, wata unguwa a babban birnin Misirawa. Abin da ya sani kaɗan ne: Bahaushen Sudan ne daga Gadarif, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya Mahasin ke jinyarsa, kuma ya yi shekara talatin yana aiki a wani otal a bakin Nilu, har juyin juya hali ya kori baƙi aka sallame su. Bai taɓa tambayar wane irin aiki ba. Warin da ya cika ɗakin yanzu ya ba shi amsa.

Ya ajiye kwanon a kan tebur, ya tsaya jikin bango. Baba Bakri bai ɓoye komai ba. Ya ce shi ne ke riƙe da sito na abin sha a otal ɗin, kuma ba ganga ɗaya da ta shiga sai ya shinshina ta. Milad tun da aka sallame su yake dafa tasa giyar a gida da wani hatsin ƙasashen sanyi, ɗan'uwan alkama, ya kuma rantse ba zai ba kowa ba sai tsohon ya yanke mata hukunci.

Tsohon ya juya kofin a hankali, ya tura hanci ciki, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka.

"Launi ya yi," ya ce da Larabci. "Kumfar ma ta tsaya. Ina jin ɓawon lemo, ina jin ɗan yaji-yaji kamar masoro, wannan hatsin ne. Amma ka cika hashisha, ya Milad."

Sagiru ya zaro ido, don a saninsa hashisha tabar wiwi ce. Tsohon ya ga fuskarsa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ba abin da yake zato ba ne, hashishatud dinar wani fure ne mai ɗaci da ake jefawa a tukunya. Sagiru ya gyaɗa kai, amma bai yarda ba.

Sai tsohon ya miƙa wa Milad kofin. "Kurɓa. Kada ka haɗiye tukuna. Ina ɗacin ya tsaya, a harshe ko a maƙogwaro?"

Milad ya kurɓa, ya ce a harshe, tun farko.

"To ka ga. Ya riga kowa shiga ɗaki, ya hana hatsin magana. Rage shi, ka jefa sauran daf da saukewa." Ya waiwayo wajen Sagiru, ya koma Hausa. "Shekara goma sha ɗaya rabon da ta taɓa harshena, Ustaz, tun rasuwar uwar Mahasin. Hancin ne ya ƙi yin ritaya. Ɗauko mini cokali in sha miyar nan."

Sagiru ya shiga kicin. Cokulan ba sa inda ya zata, ya ɗan jima yana buɗe durowa. Da ya dawo, kofin yana kan tebur kusa da hannun tsohon, abin da ke ciki ya ragu da kusan rabi, Baba Bakri kuma yana share gashin baki da bayan hannu. Milad na kallon taga. Sagiru ya miƙa wa tsohon cokalin.

Kwana biyu Sagiru yana juya wannan rabin kofin a ransa. Bai faɗa wa matarsa ba. A aji ma, malami na magana, shi yana lissafin tsawon lokacin da ya yi a kicin.

Ran Laraba da hantsi Mahasin ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ba ta kuka. Ta ce Baba ya cika bayan ya sha ruwa. A kan matakala Sagiru ya tambaye ta, yana kallon ƙasa, ko likita ya faɗi ciwon. Ta ce hanta ce. Da ta ga yadda ya ɗago kai, sai ta ƙara da cewa tsargiya ce ta tun ƙuruciya, lokacin da yake shiga ruwan gonakin auduga, kuma tun watan jiya likita ya ce su koma gida da shi.

Hussain, dattijon da ke yi wa 'yan Sudan na unguwar wankan gawa, ya iso kafin azahar. Ya nemi Sagiru ya kama masa, sannan ya ce shi zai ja sallar, tunda shi ne mai karatu a cikinsu kuma maƙwabci. Sagiru ya san abin da littattafai suka ce: an fi so malami ya janye daga sallar gawar mai bayyana saɓo. Ya ce bari a gama wankan tukuna.

Suka shimfiɗe shi a kan teburin katako da aka aro daga masallaci. Jikin ba nauyi, kamar na yaro. Da Hussain ya juya zai ƙaro ruwan ɗumi, Sagiru ya sunkuya, ya kai hancinsa dab da bakin mamacin. Ba komai sai ƙanshin kanumfari da Mahasin ke ba shi ya tauna saboda ɗacin baki. Kwana biyu sun wuce, ko da ya sha me zai saura? Ya miƙe da sauri, kunya ta rufe shi, don ya ga Hussain na kallonsa.

"Akwai wani abu ne, Ustaz?"

Sagiru ya dubi fuskar mamacin. Ya tuna bai ga kofin a bakin kowa ba sai na Milad.

"Babu," ya ce. "Miƙo mazubin."

Bayan la'asar ya ja sallar, sahu uku, 'yan Sudan da ɗalibai da mai gyaran takalmi na ƙasan gidan. Da aka fito da makara, ya hango Milad a tsallaken titi, jikin shagon mai ruwan rake, cikin baƙar riga mai guga. Ya tsallako ta tsakanin ƙananan motocin haya, ya biyo su, har ya zo daidai kusurwar da Sagiru ke ɗauke da ita. Ya miƙo hannu ya tsaya jira.

Sagiru ya yi taku huɗu ko biyar a haka. Sannan ya zame kafaɗarsa, Milad ya sa tasa. Makarar ta ɗan karkata don ya fi sauran tsawo, sai ya rage tsayi, suka ci gaba da tafiya zuwa inda motar ke jira.