Sarƙar Keken Hiltje

Shekara talatin da ɗaya jirgin Sietse Bouma yana ɗaure da wani zoben ƙarfe a bakin kogi, ba wanda ya ce uffan, sai da hukumar gari ta ga damar shimfiɗa wa masu keke hanya. Jar kwalta ce sumul, ta bi gaɓa ta ratsa tsakanin jirgin da zoben. Aka wayi gari igiyar Sietse ta gitta hanya daidai gwiwa.

Jirgin nan shi ne gidansa. A ciki suka zauna da matarsa Hiltje har ta rasu. Ranar Litinin takarda ta zo: ko ya cire igiya kafin Juma'a, ko a ja jirgin zuwa tashar bayan masana'antar madara, inda taga ba ta ganin komai sai bango. Gaban jirgin yana da turke cikin ruwa, amma bayansa zoben ne kaɗai ya riƙe shi. Kafa sabon turke kuwa an hana. An dai dasa ƙarafan jingina keke guda shida a gefen ruwa, da allo mai cewa na kekuna ne kawai. Sietse ya karanta littattafai da yawa a kan azzaluman sarakuna, bai taɓa cin karo da wanda ya kai allon hukuma taurin kai ba.

Ya kuma san wadda ta kai ƙararsa. Griet Postma ce, tsohuwar malamar lissafi mai shekara saba'in da biyu, wadda duk alfaharinta a duniya shi ne daga ƙofar gida har kasuwa ba ta taɓa sa ƙafa a ƙasa ba. Yanzu kullum sai ta sauka ta ɗaga keke.

Ranar Laraba ta iso tana kaɗa ƙararrawa kamar za a tashi makaranta.

"Dattijo, tarkon naka ya kama wani yau?"

"Ke nake jira, Malama. Ƙananan kifi ba sa burge ni."

"Cire ta mana, mutum ya wuce!"

"Jibi za a cire mu duka, ni da igiyar da jirgin. Sai ki yi ta gudu har teku."

Griet ta yi turus. Ita igiya ta kai ƙara, ba ta san da mutum a ɗaya bakin ba. Ta karɓi takardar ta karanta, ta gyara waƙafi biyu da farce, sannan idonta ya faɗa kan wani baƙin keke da ke tsaye a bayan jirgin.

"Na Hiltje ne wancan? Me ya sa ba ya faɗuwa?"

"Walda na yi masa da jikin jirgin. Sau biyu iska tana jefa shi ruwa, na gaji da kamun keke da ƙugiya."

"Kuma ka bar shi haka ba kwaɗo? A ƙasar nan ta ɓarayin keke? Kai dai karatun ne kawai."

Ranar Juma'a sufeton hukumar gari ya zo a kan nasa keken. Ya tarar an naɗe igiya, hanya fes. Wata sarƙa mai kaurin hannu ta tashi daga ƙarfen jingina keke, ta haura ruwa, ta zagaye gindin keken Hiltje da ƙaton kwaɗo.

"Baba, wannan ai jirgi ka ɗaure."

"Keke na kulle," in ji Sietse. "Na matata ne."

"Amma keken a manne yake da jirgin."

Griet, wadda ta zo tun da hantsi ta kafa kujera, ta ce, "Douwe, sau nawa aka sace maka keke?"

Sufeto ya sosa ƙeya. Ita ta koya masa lissafin rabawa a aji huɗu. "Sau biyar, Malama."

"To ɗauki biro ka rubuta cewa ka umurci tsoho ya bar keken matarsa ba kulle. Zan so in ga wanda zai sa hannu a ƙasa."

Douwe ya dubi allo, ya dubi sarƙar, ya ɗaga kwaɗon ya jinjina nauyinsa. A garin nan an yafe wa mutane abubuwa da dama, amma ba a taɓa jin wanda ya hana wani kulle keke ba. Ya rubuta: hanya a buɗe, keke ɗaya a mazauninsa. Kafin ya tafi ya tambayi inda ake sayar da irin kwaɗon.

Washegari Sietse yana wanke kofi ya ji ƙararrawa daga nesa. Griet ta taho a guje, ta wuce inda igiya take a da, har ta kai bishiya ta uku. Can sai ta ja birki, ta juyo, ta sa ƙafa a ƙasa.

"Akwai kofi, ko shi ma sai an kai ƙara?"

"Akwai," in ji Sietse. "Ki nemi wani ƙarfen ki jingina kekenki, na farko an kama."