Sai Kowa Ya Ci

Shekarunta arba'in da uku, amma har yau Auta ake ce mata, kuma ita aka bar wa Baba. Yayyenta duk sun yi nisa, kowa da uzurinsa mai kyau. Sukan bugo waya su ce Allah ya ba da lada, ita kuma ta ce amin, ta koma wankin zanen gado.

Ɗaki biyu ne gidan. A na ciki Baba yake, a falo kuma keken ɗinkinta, inda take ɗinka labule tana kasa kunne ko zai faɗi. Shekara biyu ke nan da mantuwa ta kama shi. Ya manta sunan unguwa, ya manta yadda ake ɗaura agogo, daga baya ya manta da ita kanta. Duk wannan ta haɗiye. Abin da ya gagare ta shi ne da ya daina cin abinci.

Ranar da aka ɗora shi a sikelin asibiti, nas ɗin ta duba kati ta girgiza kai. Ta ce nan da mako uku a dawo da shi, in ya ƙara ramewa to kwantar da shi za su yi, a zura masa robar abinci ta hanci. Auta ta san Baba, fizge robar zai yi, su kuma su ɗaure masa hannu a jikin gado. Nas ta rubuta abin da za a riƙa ba shi: wake, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace, ruwa da yawa. Sannan ta ɗago ta ƙare wa Auta kallo, ta tambaye ta ita me take ci. Auta ta yi dariyar yaƙe ta ce abin da ya samu.

Abin da ya samu kuwa baƙin shayi ne da sukari cokali uku, sai biskit a tsaye, sai lemon kwalba in rana ta take. Wa ke da lokacin zama? Kafin azahar hannunta na rawa a kan almakashi, da la'asar kanta kamar ana sara da gatari, kuma ko cokali ne ya faɗi sai ta ji zuciyarta ta yo sama.

Ta dafa duk abin da aka rubuta. Ta cire wa kifi ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta yanka alayyafo ƙanana, ta kai masa. Baba ya dubi kwano, ya dube ta, ya yi tambayar da yake yi kullum.

"Kowa ya ci?"

"Kowa ya ci, Baba."

Ya ture kwanon. Haka aka yi kwana biyar, sai dai ya kurɓi ruwa ko ya gutsiri ayaba ya ajiye. Ta lallashe shi, ta yi masa wasa, ta ce likita zai yi fushi. Ina! Tsoho ya kafe.

A rana ta shida, wani mai labule ya kira ya zazzaga mata masifa a kan ta gajarta masa tsawo. Ta ajiye waya, ta ɗauki kwano ta shiga. Baba ya ture, miya ta zube a zanen da ta shimfiɗa da safe. Ba ta san lokacin da ta damƙi hannunsa ba. Ta daka masa tsawar da ba ta taɓa yi wa ko ɗan maƙwabta ba, tana tura cokali a bakin da ya rufe gam. Da ta sake shi, shatin yatsunta huɗu na kwance a fatarsa.

Ta sulale ƙasa ta jingina da gado. Kunya ta kama ta, ga tsoron kanta, don ta gane in aka ci gaba a haka wata rana za ta yi abin da ya fi wannan. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi. Kwanon na gefenta da sauran abinci, ita kuma tun shayin safe ba ta sa komai a ciki ba. Ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki, ta ƙara wani.

"Zauna sosai," in ji Baba daga kan gado. "Ba a ci a karkace. Kuma ba a bar mini saura."

Muryar ta dā ce, ta mutumin da ya yi shekara talatin yana kuku a makarantar kwana, yana tsaye da ludayi a kan yara ɗari huɗu. Sai a lokacin ta tuna dokarsa, wadda mahaifiyarsu ta yi ta mita a kai har ta rasu: shi ba ya kai loma baki sai yaro na ƙarshe ya tashi daga teburi. Yakan ce daga fuska yake gane wanda ya ci da wanda ya yi masa ƙarya. Ashe duk kwanakin nan fuskarta yake dubawa.

Ta cinye tas, ta nuna masa kwano. Ya leƙa ciki, ya gyaɗa kai, ya ce to yanzu a zubo nasa.

Daga ranar aka shiga wani sabon aiki, don kada ma wani ya ce sauƙi aka samu. Sau uku a rana sai ta kashe keke, ta zauna a kujera gabansa, ta ci cikakken kwano yana sa ido. In ta tsame karas gefe ya gani. In ta yi sauri ya ce ba korar ta ake ba. Ya hana ta lemon kwalba, wai yara ba sa shan wannan a teburinsa, sai ruwa kofi biyu. Ita da ta tsani dafaffen kabeji tun tana yarinya, ga ta tana taunawa tana hararar bango.

Ba ta lura da ranar da hannunta ya daina rawa ba, sai dai ta ga layin ɗinkinta ya miƙe. Ciwon kan la'asar ya ragu. Gajiya dai tana nan, wankin zanen gado bai ragu ba, yayye kuma ba su fasa addu'a ta waya ba. Fushin ma yana zuwa, amma yanzu a hankali yake tahowa, har takan samu sararin ajiye abin da ke hannunta ta fita ƙofa ta sha iska kafin ya iso. Shatin hannun Baba ya yi baƙi, ya dusashe, ya ɓace. Ita ce dai ba ta daina ganinsa ba.

Da mako uku suka cika, ta sa masa riga mai tsabta suka tafi. Ya hau sikeli yana riƙe da kafaɗarta. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta ce ya ƙara kilo ɗaya da ɗan wani abu, babu zancen roba. Auta ta nemi benci ta zauna.

Nas ta durƙusa tana yi wa tsoho wasa, ta ce lallai Baba ya samu mai kula da shi.

Baba ya tsuke fuska. Ya matso kusa da nas ɗin ya rage murya, yana nuna Auta da haɓa.

"Ni ke kula da ita. Yarinyar nan da aka kawo ta ba ta cin komai, sai faɗa. Ban san 'yar wa ce ba, amma mutanen gidansu ba su kyauta ba." Ya gyara zaman hularsa. "Na dai samo kanta."

Auta ta sunkuya ta ɗaura masa igiyar takalmi, ta daɗe a sunkuye fiye da yadda ɗaurin ke buƙata. Sannan ta miƙe ta ce su tafi, sha biyu ta kusa, kuma ba ta jiƙa wake ba.