Malamar Cikin Waya

Ƙarfe goma daidai Maiɗinki ta ɗage ƙafa daga kan keke, allura ta tsaya a tsakiyar hannun rigar da ake jira tun shekaranjiya. Ta miƙe ta gyara farin zanin gadon da suka kafe a bango da ƙusa huɗu, don kada mutanen ƙetare su ga inda yoyon damina ya zane ɗakin. 'Yarta ta jingina waya da gwangwanin maɓallai, ta gyara zama.

"Umma, ta shigo."

Malamar ta bayyana kamar kullum, da tabarau da murmushi, a bayanta taga da itatuwa marasa ganye. Maiɗinki ta yi sanɗa zuwa tsakar gida, ta ɗaga wa maƙwabciyarta mai daka hannu, taɓarya ta tsaya. Yaran gidan ma sun riga sun horu, har na goye idan ya fara kuka sai uwarsa ta fice da shi bakin titi. Shekara biyu ke nan gidan hayar nan mai ɗaki takwas yake kama bakinsa daga goma zuwa sha biyu, saboda Likita, 'yar Maiɗinki, tana aji a ƙasar waje.

Ubanta ne ya raɗa mata wannan suna tun tana rarrafe. Direban babbar mota ne, kuma shi ya dawo da labarin daga wata tafiya: makaranta ce ta ƙetare da ake yi ta waya, babu bulala, babu yajin aiki, babu zaman ƙasa cikin yara ɗari da ashirin. Wani mai kwat ne ya nuna masa hotunan ɗalibai sanye da hulunan kammalawa. Washegari ya je ya cire ta daga makarantar unguwa, har da gaya wa shugaban magana son ransa. Maiɗinki ba ta hana ba. Ita da ba ta wuce aji uku ba, da wane baki?

Ba ta jin harshen malamar, amma tana son kallon 'yarta tana ɗaga hannu duk sanda aka yi tambaya. Ba a taɓa kiranta ba dai. Uban ya ce ai dole, ɗalibai daga ƙasa arba'in, sai layi ya zo kanta.

*

Ranar Laraba suka je ofishin rajistar jarrabawar fita, wadda ba a shiga kowace makarantar gaba sai da ita. Maiɗinki ta naɗe takardar shaidar Likita cikin sabon yadi. Takarda ce mai kauri, da tambarin zinare da hoton zaki.

Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya latsa na'urarsa, ya sake latsawa.

"Baiwar Allah, wannan makaranta ba ta cikin jerinmu."

"Ai ta waje ce, ranka ya daɗe."

"Na duba na waje ma. Ke ce ta shida da ta kawo mini zakin nan a makon nan." Ya turo takardar a hankali, kamar mai mayar wa mutum kayan mamaci. "Sai makarantar da muka sani ta gabatar da ita, da shaidar ta zauna a aji shekara uku a jere. Jumma'a ake rufewa."

Daga nan suka wuce tsohuwar makarantar. Shugaban bai manta da su ba, bai kuma rama ba, abin da ya fi yi wa Maiɗinki ciwo ke nan. Ya buɗe babban littafi ya nuna mata sunan Likita da jan layi a kansa. Ya ce ko ya so ba zai iya ƙirƙiro shekara biyu ba, sai dai ta koma ajin da ta bari, in an sami gurbi baɗi. Ta taga ana jin sa'o'inta suna maimaita karatu da ƙarfi, a cunkushe, wasu a kan tagar ma suke zaune. Likita ta tsaya tana kallonsu har sai da uwar ta ja hannunta.

*

Suna shiga ɗaki yarinyar ta zauna a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Umma, ba ta jin mu."

"Wa?"

"Malamar. Ba ta ganina ma. Ɗauka ce aka yi tun tuni ake kunna mana. Darasin bana shi ne na bara. Duk sanda ta zo kan zuciya da jijiyoyi sai ta yi atishawa, ta gyara tabarau, ta ce a yi haƙuri."

Maiɗinki ta dafa keke. Ta tuna rigunan da ta mayar wa masu su saboda ba ta gamawa a kan lokaci, da faɗan da ta yi da matar ɗaki na uku a kan rediyo, har yau ba sa gaisawa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara."

"Kika yi shiru? Kina ta ɗaga hannu?"

"Kina kallona ne, Umma. Kuma Baba ya gaya wa duk 'yan tasha."

Maiɗinki ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta rasa wanda za ta yi wa. Ta ɗauki waya ta kira lambar mai kwat, aka ce babu ita. Ba ta ajiye ba sai ga kiran maigidan daga hanya, ƙarar injin tana cin rabin muryarsa.

"Yaya, sun ga takardar? Na san sun miƙe tsaye. Ina Likitata?"

Maiɗinki ta dubi 'yarta, yarinyar ta girgiza kai, hawaye na sauka.

"Tana nan," ta ce. "Allah ya dawo da kai lafiya, ma yi magana."

*

Alhamis da safe ta zauna kan keke da niyyar ba za ta tsaya wa kowa ba. Ta yi nufin ta yage zanin nan daga bango, ta fita ta gaya wa mutanen gida su yi dakansu, su kunna rediyonsu. Amma goma na cika ta ji taɓarya ta tsaya da kanta, ta ji ana kora yara waje da raɗa. Kafin ta ankara ƙafarta ta bar keken.

Likita ta jingina waya da gwangwanin maɓallai, don ba ta da wani wurin zuwa. Hannayenta biyu suna kan cinya. Malamar ta yi murmushi, ta zana zuciya a allo, ta yi atishawa.

Maƙwabciya mai daka ta leƙo ta labule, ta rage murya don kada a ji ta a ƙasar waje.

"Allah sarki, Malama. Murar nan har yanzu ba ta sake ta ba?"