Bujin Motar Shamsu

Ina riƙe da kwanon da Maman Lawali ya gama amai a ciki, Shamsu ya ɗaga labule ya shigo. Sallamar ma a ciki ya haɗiye ta. Ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci, ya ajiye baƙar leda a kan tabarma.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da bakanike Maman Lawali a Maraɗi, shagon ɗinkina jikin garejinsa. Wata biyu ke nan da asibiti suka sallame shi, suka ce hanta ce. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Shamsu kuwa ɗan ƙanwarsa ne, yana jigilar tumatir daga Jiratawa da wata tsohuwar motar kaya. Tun da kawun nasa ya kwanta, ranar ce ya fara taka gidan.

"Kawu, motag ga ta ishe ni," in ji shi. "Da na ɗora kaya sai ta kama tari. Sabbin buji na saya, an sa, ba ta daina ba."

"Shamsu, ba ka ganin halin da yake ciki?" na ce.

"Minti biyar ne, Malam Sha'ibu. Ba wani aikin ƙarfi ba ne."

Maijidda, matar Maman Lawali, tana tsaye bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ta dube shi, ta tsartar da yawu a waje.

"Ku tashe ni," Maman Lawali ya ce.

Na jingina shi da bango. Ya sa Maijidda ta ɗauko masa ma'auninsa daga aljihun rigar aiki, wasu siraran ƙarafa masu kama da reza, kowane da lambarsa. Ya zazzage ledar, buji huɗu, wato fulogin mota, suka faɗo a cinyarsa. Ya ɗauki ɗaya, ya kai shi dab da ido.

"Wa ya sa maka su haka?"

"Daga kwali aka fiddo su."

"Kwali bai san injinka ba. Dubi bakin, ya buɗe da yawa. Wuta ba ta iya tsallakawa in mota ta ɗauki nauyi. In kuma ka matse shi ƙwarai, wutar ta yi rauni, ta riƙa shan mai a banza. Taka motar lamba sifili da takwas take so."

Ya zaro ƙarfen da ya dace. Sai a karo na uku ya iya shigar da shi bakin bujin. Ya ɗan ƙwanƙwasa kan bujin a ƙafar gado, ya sake gwadawa, har ƙarfen ya riƙa shiga da ɗan ja. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. A kan buji na uku amai ya sake taso masa, na tara kwano. Shamsu ya fita tsakar gida yana amsa waya, muna jin yana dariya, yana faɗa wa wani farashin kwando.

Da ya dawo, huɗun na jere a kan tabarma. Ya ɗebe su da bakin leda don kada yatsunsa su taɓa inda majinyacin ya taɓa.

"Allah ƙara sauƙi," ya ce yana kallon ƙofa.

"Kar ka ɗaure su da ƙarfi," Maman Lawali ya ce. Shamsu ya riga ya kai zaure.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, Maman Lawali ya cika. Ya bar wasiyya a kai shi garin Tsibiri a binne shi kusa da mahaifinsa. Na kira Shamsu a waya ya kawo motarsa a ɗauki gawar.

"Innalillahi," ya ce. "To Malam, ina Jiratawa, an gama lodi. In na sauke, tumatir ya lalace. Kuma ka san mutane, in suka ji an ɗauki gawa a motar kayan miya..."

"Motar tana tafiya lafiya?"

"Lafiya lau, kamar sabuwa."

Na kashe wayar. Bakina ya cika da yawu, na rasa inda zan tofar.

Wani mai sayar da itace a layinmu, Jatau, wanda ba dangin iya ba na baba, shi ya sauke kayansa a bakin titi, ya share bayan motarsa, ya shimfiɗa tabarma. A ciki muka kai shi. Shamsu ya iso Tsibiri da la'asar, bayan an rufe, cikin farar shadda yana ƙamshin turare. Ya zauna a gaba, ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a, yana gaya wa dattawa yadda suka yi hira da marigayin kwana uku da suka wuce. Da ya miƙo mini hannu, na sa nawa cikin aljihu.

Da na koma gida na leƙa in yi wa Maijidda bangajiya. Mata sun watse sallar magariba. Tana durƙushe gindin dalbejiya da kofin kunun da ta dama masa da safe, ya yi sanyi ya kama fata. Ta juye shi a kaskon akuya, ta tsaya tana kallon akuyar tana lasa.