Ɗacin Sabon Ƙoƙo

"A hankali, malam! Ba fa roba ba ce!"

Da bakinta ta faɗi haka, ita da kasuwa kaf ta sani da Mai Roba. Kwandastan da ke ƙoƙarin cusa buhunta ƙarƙashin kujerar baya ya ɗago ya dube ta, ya ga ba macen da za a ja da ita ba ce, ya sakar mata kayanta. Ta rungume buhun a cinya kamar mai jego. Ƙoƙuna arba'in ne na duma a ciki, kowanne naɗe da tsohuwar jarida. Duk ramin da motar ta faɗa sai sun yi 'yar ƙara, ita kuma ta ƙara ƙanƙame buhun.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana sayar da roba: bokitai, kofuna, kwanuka masu murfi, ja da kore da shuɗi, har rumfarta ba ta ɗaukarsu. Da robar nan ta yi rufin gida, da ita ta sa 'ya'yanta a makaranta, kuma ba ta taɓa jin kunyar sana'arta ba sai a gaban mutum ɗaya, mahaifinta.

Baba gyartai ne, mai fafe duma da ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Tun tana 'yar shekara bakwai take zama gefensa tana kankare totuwa, farin abin nan mai ɗaci da ke manne a cikin duma. Ba mai yawan magana ba ne. In aikinka ya yi kyau, shiru za ka ji. In ka yi ha'inci, sai dai ka ji ƙwas a tsakiyar kai, ya ranƙwashe ka da gindin ƙoƙon da ka ɓata. Amma fa ba kowa yake ranƙwasa ba. Wanda ya ga hannunsa ba zai yi ba, da fara'a yake sallamarsa. Ita kam ta sha ranƙwashi har kanta ya saba.

Ranar da ta buɗe rumfar roba bai yi faɗa ba. "Allah ya ba da kasuwa," abin da ya ce ke nan. Tun daga ranar bai ƙara gyara mata ko riƙon cokali ba. Gaisuwa lafiya lau, fara'a lafiya lau, sai ka ce baƙuwa ta zo. Wannan ladabin nasa ya fi mata duka ciwo, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Wata biyu da suka wuce, shugabar wata makarantar ƙananan yara ta nemo shi har gida. Ta ce ta gaji da kofunan roba: yara na tauna bakinsu, rana na tsaga su, a zubar su je su toshe kwata. Ƙoƙo take so, wanda in ya mutu ƙasa za ta cinye abinta. Baba ya yi mata alkawarin Alhamis ɗin farko ta sabon zango. Ya fafe duman, ya fara kankara, sai ciwo ya kayar da shi a tsakar gida. Yau kwanansa tara a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Ranar Lahadi Mai Roba ta je ɗauko masa riguna, ta tarar da ƙoƙunan a kwando, sai ta tuna. Mutumin da ya shekara hamsin bai saɓa alkawari ba, ba a kanta za a fara cewa ya saɓa ba. Ta rufe rumfa, ta ɗauki wuƙarsa mai lanƙwasa. Maƙwabciyarta mai sayar da atamfa har da yi mata waya: "To, 'yar Gyartai, an koma gida ke nan? Mu kwashe robar mu raba?"

Hannu dai bai manta ba. Inda gizo ya yi saƙa shi ne jiƙo. Baba kwana bakwai yake jiƙa sabon ƙoƙo, kowace safiya ya zubar ya sake ruwa. Ita kwana uku gare ta. Sai ta yi dabarar da ta sani: sabuwar roba in tana wari, ruwan zafi da sabulu ne maganinta. Ta wanke su tas, ta shanya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sunsunawa. Ko ɗigon wari babu. Har ta ji a ranta cewa tsofaffi ma dai akwai su da ja wa kansu wahala.

A ofishin makarantar, shugabar ta tarbe ta da hannu biyu. Doguwar mace ce mai tabarau rataye a wuya, komai nata da sauri. Ta share tebur, suka jera ƙoƙunan, ruwan zuma-zuma, babu biyun da suka zo daidai.

"Kai, masha Allah! Dubi wannan, kamar an zana," in ji ta, tana ɗaukar hoto da waya. "Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Malama."

"Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni ai na cire rai, na ce ciwo ya riga mu. Ashe ya ƙarasa."

Mai Roba ba ta gyara mata zancen ba, ta shiga ninke jaridun.

"Jiya da saƙonki ya iso na sa aka kwashe robobin nan duka," Malama ta ci gaba. "Ƙarfe goma za a fito hutun kalaci, kowane yaro da nasa. Akwai iyayen da suka ce za su leƙo su gani. Wasu fa dariya suke mini, wai zan mayar musu da 'ya'ya zamanin kakanni." Ta ɗauki ƙoƙo ɗaya, ta tsiyaya ruwa daga tulun da ke bayan ƙofa. "Ungo, kin sha hanya. Ke za ki buɗe mana."

Ƙishi take ji da gaske, ta kafa kai. Kurɓar farko lafiya. A ta biyu abin ya taso daga can ƙasan harshe, ɗaci mai naci, da ɗanɗanon sabulu biye da shi. Sai ga Baba a idonta, tsugune gaban baho da sassafe, yana ɗiban ruwa daga kowane ƙoƙo yana kurɓa yana tofarwa. Sau dubu ta ga haka. Bai taɓa sunsuna ƙoƙo ba, da harshe yake tambayarsa. Roba ba ta shan komai, shi ya sa wanki ke isarta. Duma kuwa ya shanye sabulun, ya kuma riƙe ɗacinsa.

Ta haɗiye da ƙyar. Agogon bango ya ce goma saura ashirin. Ta taga tana jin yara suna bin baƙaƙe da waƙa.

"Malama, ba za ki ɗanɗana ba?"

"Haba! Aikin Baba ne zan tsaya bincike? Kakata da ƙwaryarsa ta rayu."

Shiru kawai za ta yi, ta ɗauki buhunta ta fita. Yara dai yara ne, za su yamutsa fuska, a ce baƙunta ce. Amma zuwa gobe ƙoƙunan nan za su koma bayan kabad, iyaye su yi dariyarsu mai dalili, kuma abin da za a riƙa faɗa shi ne Gyartai ya tsufa, aikinsa na ƙarshe ɗaci ya yi. Shi kuma yana kwance, ba bakin da zai ce ba shi ba ne.

"Malama, ba aikin Baba ba ne. Shi ya fafe, ni na ƙarasa, kuma na ɓata. Kada ki ba yara."

Malama ta sa tabarau, ta karɓi ƙoƙon ta kurɓa. Ta nufi taga ta tofar.

"Baiwar Allah, me ya hana ki faɗa tun shigowarki?"

"Ɗacin ban sani ba sai yanzu. Cewa ni na ƙarasa kuma, kunya ta hana ni faɗa."

"To yau da me za su sha? Da tafin hannu?"

Mai Roba ta sunkuyar da kai. Amsar tana da ita, ita ce dai ba ta son fitowa. Ta kira mai atamfa ta ce ta buɗe rumfa, ta ɗauko kofuna dozin huɗu ta ba ɗan acaɓa. Dariyar da ta fito daga wayar har Malama sai da ta ji. Goma da 'yan mintuna, iyayen da suka zo ganin ƙoƙo suka tarar da yara a layi, kowanne riƙe da sabon kofin roba, ja wur.

"Aro ne," Mai Roba ta ce, tana mayar da ƙoƙunan cikin jarida. "Kwana huɗu suka rage a jiƙon. Litinin zan kawo."

"Litinin ɗin dai," Malama ta ce, ba fara'a. "In ta wuce, ki bar mini robarki kawai, na haƙura."

Bayan azahar ta isa asibiti, buhun na hannunta. Gadon Baba ne na ƙarshe, jikin taga. Ƙanwarsa, Gwaggo, tana zaune kan tabarma tana yi masa fifita da kwalin magani.

"A'a, 'yar nan, hijira za ki yi? Ko kasuwar kika biyo mu da ita?"

"Sannu da jinya, Gwaggo. Ya ci wani abu?"

"Cokali uku, shi ma sai da na yi masa barazanar kiran nas. Tun yana yaro haka yake, kai kamar dutse."

Baba ya juyo da ido. Ya rame, gefen bakinsa ya karkace. Ya gyaɗa mata kai irin gyaɗawar da ya saba, ta mutunci, wadda ake yi wa maƙwabta. Ta durƙusa gaban gadon.

"Baba, ƙoƙunan makaranta. Na ɗauka na ƙarasa ban tambaye ka ba. Kwana uku na jiƙa, na wanke da sabulu. Sun yi ɗaci. Na dawo da su. Na gaya wa Malama ni ce, ba kai ba."

"Sabulu?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "A duma? Yau na ji abin da ya fi ciwon nan."

Baba ya daɗe yana kallon bango, har ta ɗauka bai ji ba. Ta riga ta san abin da zai biyo: zai lumshe ido, alamar ba komai, Allah ya yi albarka. Abin da take tsoro ke nan tun a mota.

Sai hannunsa na hagu ya motsa, ya nuna buhun.

Ta warware ɗaya ta miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya duba baki, ya duba gindi. Ya zura babban yatsa ciki yana shafawa a hankali, har ya tsaya a wani wuri. Ya kamo yatsanta ya ɗora a gurin. Totuwa ce ta maƙale, ba ta fi ƙwayar gero ba. Sannan ya nuna gorar ruwa. Gwaggo ta tallafo kansa, Mai Roba ta tsiyaya, ya kurɓa. Ya riƙe ruwan a baki yana juyawa, fuskarsa ta yamutse, har ɓarin da ya shanye sai da ya ɗan motsa. Ya tofar a tasa.

"Na sani, Baba. Kwana huɗu zan ƙara."

Ya girgiza kai. Ya ajiye ƙoƙon a ƙirji, ya ɗaga yatsu biyar, ya dunƙule, ya ɗaga biyu.

"Bakwai? Daga farko? Baba, ai ukun da na yi suna nan. Kuma na riga na ce wa Malama Litinin, in na wuce ta ce..."

Ƙwas!

Ba ƙarfi a hannun, gindin ƙoƙon ma da ƙyar ya ratsa ɗankwali. Amma a daidai gurin ya sauka, tsakiyar kai.

"Kai, Yaya!" Gwaggo ta ce. "Uwar 'ya'ya biyar za ka ranƙwasa a gaban jama'a?"

Mai Roba ta dafe gurin da hannu biyu. Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta fara tarewa. Ta matso da kanta kusa da gadon, yadda hannun zai kai ba wahala.

"To, Baba," ta ce. "Bakwai."