Kwalbar Maganin Kaka Velma

Da kwalbar maganin hawan jinin Kaka Velma na yi bututuna. Na yanke gindinta da wuƙa, na fafe rabin murfin, na shimfiɗa robar safar hannun likita a bakin, na ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Ka kafa leɓe ka hura, sai ka ji kukan macen talotalo sak. Haka kowa yake yi a tsaunukanmu na jihar Misuri a Amurka. Na farko ya yi tauri, na biyu ya saki, na huɗu ne ya yi murya.

Akwai wani tsohon namijin talotalon daji da yake kwana a bishiya bayan rafin gonarmu, gemun ƙirjinsa har yana jan ciyawa. Sati uku ina zuwa da asuba, in zauna in saurari cararsa, bututun yana aljihu ban taɓa hurawa ba. Ba a kiran talotalo kafin hukuma ta buɗe lokacin farauta. In ya amsa ya zo ya tarar da mutum maimakon mace, ya gama karatu ke nan, ba zai ƙara amsa kira ba. Na riga na yi wa Kaka alkawarin shi za ta gasa ranar da za ta cika tamanin.

Kuskurena ɗaya, na nuna wa Kendall bishiyar.

Kendall mijin yayata Marnie ne, a birni yake sayar da inshora. Ya zo mana kwana uku kafin buɗewa da kayan farauta sababbi, ko takardar kanti ba a cire ba. Abin kiransa na katako ne mai sheƙi, da sunansa a jiki. Da ya ga nawa a kan tebur, da yatsa biyu ya ɗaga.

"Harlan, wannan na sha ne bayan abinci, ko na kiran tsuntsu?"

"Na kira ne, Yaya."

"Kai ƙanina, talauci bai yi ba. Har sunan tsohuwa yana jiki! Sau biyu a rana, inji likita."

Ya yi dariya shi kaɗai. Kaka tana murza ƙullin biskit, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ranar Litinin da aka buɗe farauta muka zauna gindin wata bishiya tun gari bai waye ba, shi yana ta motsi, sabon wandonsa yana ƙara kamar leda. Tsohon ya yi cara daga sama har sau uku, na ji a ƙirjina. Na bari ya sauko, na ciro kwalbata na hura a hankali, sau uku.

Shiru.

Na jira. Can na hango jan kansa ta tsakanin itatuwa, ya miƙa wuya yana kallon wajenmu. Sai ya naɗe jikinsa ya juya, ya haye tudu yana tafiyarsa ba gaggawa.

"Ka gani ko?" inji Kendall, da ƙarfi. "Shararka ta kore shi. Ni da na kira shi shekaranjiya har gabana ya zo."

Na ce, "Yaushe?"

"Shekaranjiya, da jiya ma. Gwaji na yi. Tsaya ka gani."

Ya ciro waya ya kunna mini bidiyo. Ga tsohon nan ya baje wutsiya yana tahowa, yana jan fukafukai a ƙasa. Sai Kendall ya miƙe tsaye a cikin hoton yana ɗaga masa hannu, yana cewa sai Litinin. Har ya tura wa abokan aikinsa, wai mutum arba'in sun yaba.

Me za ka ce wa mai shekara arba'in da ya ɗaga wa talotalo hannu? Na cire harsashi daga bindigata na sa a aljihu, muka taho gida yana ba ni shawarar inda zan sayi abin kira na kirki.

Sauran kwanakin farautar duk na koma. Na sake roba, na sake waje, har na yi wani bututun da gwangwanin taba. Tsohon yana cara a sama, da ya ji kira sai ya yi gum.

Ranar bikin Kaka, Kendall ya shigo rungume da talotalon kanti, fari fat, daskararre a cikin leda. Ya dire shi a tebur, ƙum.

"Kaka, ga naki. Wannan ba ya gudu."

Kaka ta ƙwanƙwasa shi da bayan cokali. Ta dubi Marnie, ba shi ba.

"'Yar nan, shi ma sai da ya ɗaga masa hannu kafin ya ɗauko?"

Marnie ta sunkuyar da kai. Kaka ta ce in kai abin can cikin firji na baya, inda muke ajiye abincin karnuka. Wake da burodin masara muka ci. Kendall ya ƙara har sau biyu, yana cewa baɗi zai zo da wuri ya taya ni nema.